Tafiyar da Aka Ce Ba Ta Kai Awa Ɗaya Ba

Shekarar da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, ni kaɗai ce a kusa cikin 'ya'yansa. Dama mu biyu muka rage masa, ni da yayana. Ni ina aure a Birnin Kudu, ina koyarwa a wata makarantar firamare. Yaya kuwa yana Sakkwato, inda aiki ya kai shi tun ina budurwa, ya yi aure can, ya gina gida. Baba da Inna suna ƙauyenmu a ƙasar Gwaram, ita ma Innar ciwon gwiwa ya hana ta sakat, da ƙyar take kai kanta bakin murhu.

A gona ciwon ya same shi, lokacin girbin gero. Maƙwabta suka ɗauko shi a amalanke zuwa bakin titi, daga nan aka sa shi a mota aka kawo shi babban asibitin Birnin Kudu. Da na isa, na tarar hannunsa na dama da ƙafarsa sun saki, bakinsa ya karkace, yana kallona yana son magana ta ƙi fita. Bayan an sallame shi, likita ya ce sauran aikin na gashi ne da motsa gaɓoɓi, kuma ba a son a riƙa tsallakewa. Maigidana ya ce to ba inda za a mayar da shi, ya share ɗakin soro ya sa masa katifa. Shi yake yi masa wanka, shi yake kai shi bayi kafin ya tafi shagonsa a kasuwa. Ni kuma abinci da magani, da ɗaukar shi a adaidaita zuwa asibiti ranakun gashi. In na tashi daga makaranta ko hijabi ba na cirewa, kai tsaye soro nake wucewa.

Allah ya sa aka dace. Magana ta dawo, ko da yake a hankali. Ƙafar ta fara ɗaukarsa. Wata rana da azahar na leƙo na ga ba ya kan katifa, ashe ya dogara sanda ya lallaɓa shi kaɗai har masallacin ƙofar gida. Na tsaya a bayan ƙyaure ina kallonsa yana dawowa yana jan ƙafa, na yi ta kuka ba wanda ya sani.

Yaya ya zo sau ɗaya a farkon ciwon, ya kwana biyu ya koma. Ba zan yi masa ƙarya ba, duk abin da ake buƙata yana aikowa, kuma kullum sai ya kira a waya ya ga fuskar Baba. Amma abin da ya sani game da ciwon nan, abin da fuskar waya ta nuna masa ne: tsoho a zaune, an wanke shi, an sa masa hula.

Ana cikin haka ya kira ni wata rana ya ce yana da aboki, babban likitan jijiyoyi a can, ya yi masa bayanin Baba, ya ce a kawo shi ya gani. Na ce masa Baba yana samun sauƙi a nan, masu gashi sun ce kada a katse, ga hanyar Sakkwato kowa ya san halin da take ciki. Ya ce wa ya yi maganar mota? Jirgi za mu hau. Ya duba a waya, daga filin jirgin Dutse zuwa na Sakkwato tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Nan take ya turo mini hoton taswira, an ja jan layi miƙaƙƙe daga wannan gari zuwa wancan, an rubuta nisan da lokacin a ƙasa.

Na ce, "To Yaya, tunda abin kusa ne haka, kai ka hau ka zo mana. Ka karɓi takardunsa ka kai wa likitan."

Ya ce aiki ya yi masa yawa. Na ce ni ma ina da aiki, jarrabawa ta gabato. Sai ya yi dariya, ya ce, "Aikin firamare?"

Har yau ban manta da dariyar nan ba. Na ce masa ban yarda ba, na kashe wayar. Shi kuma bai sake tuntuɓata ba, sai ya zagaye ni ya kira Baba, ya kira Inna. Baba bai taɓa hawa jirgi ba, Allah bai nufe shi da zuwa Makka ba. Da na kai masa abincin rana na ga idonsa yana ƙyalli kamar na yaro, yana tambayata ko gaskiya ne mutum yana iya ganin gonaki daga sama. Nan na san an gama da ni. Na kai ƙara wurin maigidana, ya ce shi suruki ne, ba zai shiga tsakanin ɗa da uba ba. Na gaya wa mai yi wa Baba gashi, ya girgiza kai, ya ce in dai dole ne to a je a dawo da wuri. Tikiti biyu Yaya ya saya, na Baba da nawa. Bai tambayi wa zai riƙa kai Baba bayi a hanya ba, don bai taɓa kai shi ba.

Baba ya dage sai ya je gida ya yi sallama da Inna, ya kuma ɗauko babbar rigarsa ta Sallah. Haka muka ɗauki mota muka bi ta Babaldu zuwa Gwaram, daga nan aka goya shi a babur, wani ya zauna a bayansa ya riƙe shi, har ƙauye. Kafin la'asar gidan ya cika kamar mai shirin aikin Hajji. Dattawa suna ta sa wa Yaya albarka, mata suna cewa Inna ta haifi ɗa. Wata gwaggonmu ta dafa ni ta ce in gode wa Allah da ya ba ni yaya irin wannan, ga shi a dalilinsa zan hau jirgi. Na ce mata na gode. Washegari muka sake kwaso Baba muka dawo Birnin Kudu, ya iso a gajiye, ƙafar ta kumbura.

Ana jibi za mu tashi Yaya ya turo tikitin a waya. Na buɗe ina karantawa, sai na ga Abuja. Na sake dubawa, Abuja dai. Na kira shi na ce an yi kuskure. Ya ce ba kuskure ba ne, babu jirgin da yake tashi daga Dutse kai tsaye zuwa Sakkwato, sai an bi ta Abuja an canza. Kuma jirgin na biyu sai washegari, amma kada in damu, ya yi magana da wani abokinsa za mu kwana a gidansa.

Na ce, "Tun yaushe ka san haka?"

Ya ce tun ranar da ya saya.

"To jan layin da ka turo mini fa?"

Ya ce ai wannan nisan da ke tsakanin garuruwan ne, ba hanyar da jirgi yake bi ba, ya ɗauka na gane. Na ce a fasa. Ya ce an riga an biya, kuma Baba ya yi sallama da gari guda, da wane ido zai kalli mutane? Na fita soro da niyyar in gaya wa Baba gaskiya. Na tarar da shi yana ƙoƙarin ninke babbar rigar da hannu ɗaya, yana shafa aikin wuyanta. Na karɓa na ninke masa, na dawo ciki ban ce komai ba.

Maigidana ya raka mu Dutse a motar haya. Shi ya kai Baba bayi na ƙarshe, ya damƙa mini shi a bakin ƙofar da ba a barin mai rakiya ya wuce. Kamfanin jirgin suka ɗaga lokacin tashi, suka sake ɗagawa. Muka yi azahar a wurin, muka yi la'asar. Na lura Baba ya ƙi shan ruwa, ko na haɗiye magani sai ya ɗan jiƙa leɓe kawai. Na san dalili, shi ma ya san na sani, ba wanda ya furta. Da jirgin ya zo, ga matakala doguwa. Wasu maza biyu suka ɗauke shi cak kamar buhu, hularsa ta faɗi, na tsince ta ina bin su a baya.

A cikin jirgin kam ya ji daɗi, wannan ba zan ɓoye ba. Ni ina riƙe da kujera ina karanta duk addu'ar da na sani, shi kuwa ya manna goshi a taga, yana nuna mini gonaki da rafuka, yana cewa ashe duniya a shimfiɗe take haka. Ban gama sakin jikina ba aka ce mun iso Abuja. Wato mun yi kudu, alhali inda za mu yana arewa maso yamma.

Abokin Yaya ya yi tafiya, matarsa kaɗai muka samu, gidan kuma a saman bene. Maigadi na roƙa ya taimaka ya hau da Baba, shi ya kama shi ya zagaya. Matar ta yi mana kirki iyakar iyawarta, amma Baba bai ci abin kirki ba, ya kwanta ya juya fuska bango.

Washegari ya ce a sa masa babbar rigar, don ɗansa ya gan shi da ita. Muka koma filin jirgi da hantsi. Kayanmu aka karɓa aka shige da su, Allah ya sa na ware wando da 'yar shara a leda na riƙe a hannu. Nan ma aka ce jirgi ya makara. Wurin jira cike da mutane, ga sanyin na'ura yana ratsa ƙashi. Dole na matsa masa ya sha ruwa saboda magani, don leɓensa har ya fara tsagewa. Can bayan azahar na ga yana mutsu-mutsu a kujera, yana matse gwiwa. Ya daɗe a haka kafin ya sunkuyo ya ce mini a hankali, "'Yar nan, ina son in zaga."

Na ɗaga shi, muka lallaɓa har ƙofar bayin maza. Nan na tsaya, don ba ni da ikon wucewa, kuma ko da ina da shi Baba zai gwammace ya mutu da in kama masa wando. Na tare wani mutum na roƙe shi, ya ce an kira jirginsa. Na tare wani, ya kalle mu sama da ƙasa ya wuce. Na hango wata ma'aikaciyar kamfanin jirgin, na yi mata bayani, ta ce in jira za ta turo mai keken marasa lafiya. Muna tsaye muna jira, Baba ya jingina da bango, hannunsa mai lafiya yana kafaɗata. Sai na ji hannun ya yi nauyi. Na duba ƙasa, na ga ruwa yana bin ƙafarsa yana taruwa a kan tayil, gaban rigar ya yi duhu.

Ya sunkuyar da kai, ya rufe ido. Mutumin da ya saba yin limancin unguwarmu duk lokacin da liman ba ya nan, mutumin da ban taɓa ganin ko ƙaurinsa ba tunda aka haife ni. Mutane suna ratse mu suna ɗauke kai.

Wani dattijo ne ya taso daga kujera, sanye da kwat, da ganinsa ba Bahaushe ba ne, Hausarsa ma a karye take. Ya cire kwat ɗin ya miƙa mini, ya naɗe hannun riga, ya karɓi ledar hannuna, ya ce wa Baba, "Zo, Baba, mu je." Suka shiga suka daɗe. Wata mai shara ta zo ta goge wurin. Da suka fito Baba yana sanye da 'yar shara, an wanke masa ƙafa, har hula an gyara masa. Mutumin ya miƙo mini ledar da babbar rigar a ciki, ya karɓi kwat ɗinsa, ya koma wurin zamansa. Godiyar ma ban iya yi masa yadda ya kamata ba. Mai keken bai zo ba sai da aka fara shiga jirgi.

Daga nan har muka sauka Sakkwato Baba bai kalli taga ba, bai kalle ni ba. Ni kuma ledar tana kan cinyata, ina jin ɗuminta, ina jera maganganun da zan gaya wa Yaya in na gan shi a filin jirgi.

Ban gan shi ba. Direba ya turo, wai yana wurin taro. Sai gab da magariba ya shigo gida yana fara'a, ya durƙusa ya gaida Baba, ya juyo ya ce mini, "Ya hanya? Kin ga ai ba wuya." Na haɗiye, saboda Baba yana wurin.

Da safe muka je wurin likitan. Mutumin kirki ne. Ya duba hoton kai da aka ɗauka a Birnin Kudu, ya duba magungunan, ya sa Baba ya matse masa yatsu, ya ɗaga ƙafa. Ya ce duk abin da ake yi masa daidai ne, a ci gaba da maganin, kuma babban abu shi ne gashi, kada a yi wasa da shi. Ko ƙwaya ɗaya bai canza ba. A mota Yaya yana ta cewa alhamdu lillahi, yanzu hankalinsa ya kwanta.

Da muka koma gida aka kwantar da Baba, na ɗauko ledar nan. Da gangan na ƙi wanke rigar. Na same shi a falo yana danna waya, na ajiye ta a kan teburin gabansa na kwance bakin. Ya ja da baya, ya tambayi mene ne wannan. Na ce rigar da ubansa ya sa don ya gan shi da ita ce. Na gaya masa komai, tun daga matakalar Dutse har ƙofar bayi, ban rage ba. Na ce hankalinsa ya kwanta, to ga abin da aka biya kafin ya kwanta. Na ɗauka abin ya shige shi. Sai ya ce, "To me ya sa ba ki nemi ma'aikata tun da wuri ba?"

A nan na manta da cewa yayana ne. Na ce masa bai san Baba yana jin kunyar neman bayi ba saboda bai taɓa kwana yana jinyarsa ba. Na ce ya ga layi a waya ya ɗauka tsoho mai rabin jiki zai bi ta kansa kamar tsuntsu. Na ce ya san da maganar Abuja ya ɓoye mini, don ya san da na sani ba zan taso ba, kuma ba don Baba ya yi ba, don a ce ɗan wane ya kai ubansa asibiti a jirgi ne. Ya miƙe yana cewa shi alheri ya nufa, ni ce ban da godiya. Muryata ta kai ko'ina a gidan.

Sai muka ji sandar Baba tana bugun ƙofa. Na shiga. Yana zaune a bakin gado, ya ce mini ba a gidan wana ba, ba a gaban matarsa ba, ba kuma da ransa ba zan ɗaga wa na gaba da ni murya. Ya ce in je in ba Yaya haƙuri. Na tsaya ina kallonsa. Shi ne aka wulaƙanta, ni ce na tsaya a gefensa, kuma ni ce zan ba da haƙuri. Ya sake cewa in je. Na fita na ce, "Yaya, yi haƙuri," don Baba ya ji. Sannan na rage murya na ce masa gobe zan koma a mota, ɗalibaina suna jira. Wanda ya ce a kawo Baba, shi zai mayar da shi.

Matar Yaya ce ta ɗauki rigar ta wanke da hannunta, ta hana mai aiki taɓawa. Da asuba ta raka ni tasha da ƙunshin abinci, ta ce mini a hankali ita ma ta ce masa ya je da kansa, bai ji ba. Motar ta bi hanyar da ake tsoro, kowa a ciki yana salati, Allah ya tsare mu. Na canza mota a Kano, na yi sallar isha a ɗakina a ranar.

Na ɗauka cikin mako zai dawo da shi. Sai da Baba ya kusa wata a can, kullum Yaya bai samu sarari ba. Gashin ma direba ne yake kai shi in an tuna. Na yi ta kira ina faɗa, har ya daina ɗauka, sai ta wurin matarsa nake jin labari. Daga ƙarshe ya ɗauki hutu ya kawo shi ta hanyar da muka bi, da kwanan Abuja da komai. Suka iso ƙofar gidanmu da la'asar. Yaya ya fito daga mota rigarsa a yamutse, idonsa ja, ya rame a kwana biyu. Shi da maigidana suka kamo Baba ta hammata suka shigo da shi soro, ƙafar tana jan ƙasa, sandar tana hannun direban haya.

Na kawo musu ruwa. Yaya ya sha, ya kalli ƙasa, ya ce, "Ashe haka hanyar take."

Na ce, "Haka take."

Na jira ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Ya wuce Gwaram ya gaida Inna, washegari ya koma.

Aka sake fara gashi daga tushe. Mai gashin da ya ga ƙafar ya tambaye ni me ya faru, na ce masa tafiya muka yi. An samu abin da aka samu, Baba yana iya tashi ya zaga da kansa in an dafa masa, amma ƙafar ba ta koma yadda ta kai a da ba. Bayan damina ya ce a mayar da shi gida wurin Inna, muka mayar da shi, wani ɗan ƙaninsa yake kula da shi, ni kuma ina zuwa duk ƙarshen mako. In baƙi suka zo gaishe shi, labarin jirgi yake ba su, yadda ɗansa ya aiko aka ɗauke shi, yadda ya ga gonaki daga sama. Ni ina gefe ina zuba musu kunu. Bai taɓa ambaton sauran ba, ni ma ban taɓa tuna masa ba.

Inna tana yawan ce mini in bar abin ya wuce, ɗan'uwa ɗaya gare ni a duniya. Muna gaisawa da Yaya, ranar Sallah yana kira, in 'ya'yansa sun zo hutu a gidana suke sauka. Amma har yau bai buɗe baki ya ce mini ya yi kuskure ba, ni kuma ban ce masa ya wuce ba.